Tulun da Ba a Zuba wa Ruwa

Ruwan bana ya zo da ƙarfinsa. Kwana uku a jere ana tafka shi a Gomari, har kwatar bayan gidanmu ta cika ta dawo mana tsakar gida. Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san abin da ke biyo bayan haka: ramuka sun cika, masu ramukan sai su nemi tudu. Ranar Alhamis da safe na buɗe ɗakin ajiya na tarar an huda buhun shinkafa ta ƙasa, ga kashinsu baƙi-baƙi a kan murfin tukunya, ga warin nan nasu da bai yi kama da warin komai ba. Na tsaya riƙe da ƙofa. Ba tsoron ɓera nake yi ba, ni da na yi damina guda ina kwana da su. Warin ne ya ɗauke ni ya mayar da ni inda ba na son komawa.

A haka Yagana ta same ni. Ita ce 'yata ta fari, ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Ta leƙa ta ga ɓarnar, ta ja tsaki.

"Inna, wannan karon kam sai magani. In na fita zan biya kasuwar kifi ta Baga Road in sayo, na wajensu ya fi ƙarfi."

Na ce, "Ba a gidana ba."

"Haba Inna! Kullum ba a gidanki ba. To sai mu zuba musu ido su cinye mu?"

Kusan shekara arba'in ke nan ba a shigo min da maganin ɓera gida ba, kuma ba wanda ya san dalili. 'Ya'yana sun ɗauka taurin kai ne irin nawa, ba su yi ƙarya ba, ina da shi. Amma dalilin wata mata ce, da alkawarin da na yi mata cewa ba zan buɗe baki ba. Na riƙe shi har gashina ya yi fari, kuma ya yi min nauyi.

Iyayena Kanawa ne, kasuwanci ya kawo su Maiduguri, a nan aka haife ni. 'Yar birni ce ni ta gaske, ban taɓa riƙe fartanya ba, gero ma a kwano na san shi. Mijina Malam Sule, Allah ya ji ƙansa, dillalin banda ne a kasuwar kifi. A shekarar da nake faɗa ruwan tafkin Chadi ya janye ya yi nisa, kifi ya daina isowa gari, dillalai suna zaune suna korar ƙuda. Malam ya ce tunda kifi ya ƙi zuwa, shi zai bi shi. Ya ce in zauna gidanmu, na ce ƙafata ƙafarsa. Ina da ciki wata uku, ga ƙuruciya, ga baki. Mahaifiyata ta yi faɗan har ta gaji ta sa mana albarka.

Kwana huɗu muka yi a hanya, bayan babbar mota, sannan amalanke, har muka tsallaka cikin ƙasar Chadi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, yanzu ma an ce babu shi. Bukkoki ne kamar talatin a kan wani tudun yashi da aka ce da can bakin ruwa ne. Lokacin da muka isa, ruwan yana can tafiyar yini biyu. Ƙarshen bazara ne, zafin da ke sa mutum ya ji kamar an kifa masa kasko. Iska in ta taso ba sauƙi take kawowa ba, ƙona fuska take yi. Rumbunan garin duk a buɗe suke, ba komai ciki, domin daminar bara ba ta yi ba. Mun zo da buhun gero biyu, da ɗan wake, da kwalbar man gyaɗa. Malam ya ce in lallaɓa su su kai mu kaka, ya kama mana bukka, ya bi sauran maza zuwa bakin ruwa. Sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba.

Bukkar da ke jikin tamu ta wata tsohuwa ce, Ya Falmata. Babarbariya ce, doguwa, siririya, da tsagen fuska har haɓa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda ya tafi neman kifi tun bara, ba labari. Ranar da muka sauka ita ta fara shigowa, tana cewa "Wushe, wushe," wato sannu da Barbarci, ta duba ni sama da ƙasa, ta duba takalmina mai tsini, ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Daga ranar ba ta ƙara kirana da sunana Rabi ba, sai Afuno, wato Bahaushiya. Ni kuma ina ce mata Ya. Hausarta ta kasuwa ce, nawa Barbarcin ba a magana, amma mun fahimci juna fiye da wasu da na yi shekaru muna yare ɗaya.

Tana taya ni kwance kaya ta ga wani ƙulli a cikin kwallata. Maganin ɓera ne, baƙin gari mai warin tafarnuwa, irin wanda masu banda ke kwaɓawa da ɓarɓashin kifi su ajiye a lungun shago. Malam ne ya ce in taho da shi. Ta sansana, fuskarta ta canza.

"Afuno, wannan ba a sa shi a garin nan."

"Don me, Ya?"

"Kaji," in ji ta. "Kaji za su ci."

Na leƙa waje. Wallahi tun isowata ban ji cara ko ɗaya ba, an cinye kajin garin tun kafin azumi. Na ce a raina, ƙauyanci dai ba magani. Na mayar da ƙullin ƙasan kwalla don kada in ɓata mata rai.

Ruwan farko ya sauka bayan kamar sati biyu. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta ɗage rufin bukkoki biyu, sannan aka sake shi. Mata suka fito suna guɗa a cikin ruwan, tsofaffi suna kuka. Washegari da sassafe kowa ya fita shuka, mata da tsofaffi ne kawai a garin. Ya Falmata tana gaba da sungumi tana sara, ina biye ina jefa iri ina takewa da diddige. Layina ya karkace kamar tafiyar maciji, ta waiwayo ta ce, "Afuno, geron nan in ya fito sai ya yi hajijiya." Hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙage, amma ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Ruwan da ya kawo mana murna shi ya rufe mana hanya. Ƙasar wajen baƙar laka ce, in ta sha ruwa ko jaki ba ya ratsa ta, balle mota. Babu mai shigowa, babu mai fita. Kuma shi ya koro mana baƙi. Ɓerayen dajin nan ba irin na birni ba ne, manya ne, jajaye-jajaye, ga ƙiba, ban san me suke ci suke ƙiba a garin da mutane ke ramewa ba. Suka cika rufin ciyawa, suka haƙe gindin bukka. Da rana tsaka sai ka ga ɗaya ya ratsa tabarma bai ko kalle ka ba. Na ɗora buhunan a kan duwatsu, suka hau. Na rataye su a jikin azara, suka biyo igiya. Kullum da safe in share geron da suka zubar, in tsince kashinsu a ciki ɗaya-ɗaya, in mayar da geron buhu, domin ba ni da wanda zan zubar.

Ya Falmata ce ta kawo dabara. Ta zo da wani tsohon tulu mai faɗin baki, ta haƙa rami a tsakiyar bukkata kusa da buhunan, ta binne shi har wuya. Ta shafe cikin bakinsa da ɗan man gyaɗa ya yi santsi, ta zuba ƙaiƙayi da ƙwayar gero kaɗan a ƙasa. Ɓera zai bi ƙanshi ya faɗa, fita kuma sai dai wani. Daren farko bakwai suka faɗa. Na ce mata to ai sai mu zuba ruwa a ciki, duk wanda ya faɗa ya nutse, mu huta da ƙarar farcensu.

Ta kama hannuna da ƙarfi. "Kada ki zuba ruwa. Ki bar su da ransu, ni zan zo in kwashe in kai su nesa."

Na ce to. Na ɗauka wani camfi ne nasu. Baƙo ko da idonsa makaho ne, ni kuwa har da girman kai a kan makantar.

Haka kwanakin suka jeru. In na idar da sallar asuba sai in ji tarinta a bakin ƙofa. Ta shigo da burgaminta na fatar akuya, ta naɗe hannu da tsumma, ta zura cikin tulu ta ciro su ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a burgamin, ta ɗaure bakin, ta fita. Ni kuma in auni gero rabin kwano, in surfa, in daka, in dama kunu. In hantsi ya ɗaga sai mu isa gona, muna noman firi, daga baya maimai. Sauro ko da rana bai san kunya ba. Gumi ya jiƙa zane, ruwa ya zo ya ƙara jiƙa shi, ya bushe a jiki. Da azahar mu dawo muna tsinkar tafasa a hanya, ita ce miya, ita ce kwaɗo, wata rana ita ce tuwon ma. Yunwa irin ta damina mugunta gare ta, ko'ina kore shar, gero ya kai ƙugu yana kaɗawa, amma ba abin da za ka kai baki. Yara a garin suka daina wasa. Mata suka daina hira a bakin rijiya, kowa ta ja guga ta wuce.

Sau ɗaya tak Ya Falmata ta karɓi gerona, shi ma tafi guda. Daga nan duk lokacin da na miƙa mata sai ta ture kwanon. "Ku biyu ne ke ci a cikin wannan. Ni ina da abin da nake ci." In na matsa sai ta ce wata 'yar ƙanwarta a ƙarshen gari tana aiko mata. Ban taɓa ganin an aiko ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai lura cewa ita kaɗai ce tsohuwar da har yanzu ke iya ɗaga fartanya, kuma hayaƙi na tashi a bukkarta da hantsi kafin mu tafi gona, ƙofa a rufe. Wata rana na ji ƙaurin nama. Na ce mata, "Ya, yau wa ya yi yanka ba a kira ni ba?" Ta ce tsumma ne ya faɗa wuta. Muka yi dariya.

Cikina ya kai wata bakwai, buhu ɗaya ya ƙare, na biyun ya wuce rabi, ga gero ya fitar da kai amma bai nuna ba. Malam ya ratso lakar a ƙafa sau ɗaya da 'yar banda a ƙunshe, ya kwana biyu ya koma. Tulun yana kamawa, amma kamar ana ɗiban ruwa a rijiya. Sun ci sabulu, sun ci igiyar guga, sun ɗanɗana min diddige ina barci. Duk na haƙura. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na buɗe akwati don in shanya kayan jariri da mahaifiyata ta haɗo min. Sun huda akwatin ta baya. Zanen goyon, sabo fil, sun mayar da shi sheƙa, ga 'ya'yansu tara jajaye tsirara suna motsi a tsakiyarsa. Na kurma ihu, na yi jifa da akwatin, na zauna na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce yau ko kajin duniya ne a garin nan sai na sa maganin.

Da la'asar na ciro ƙullin. Na marmasa bandar da Malam ya bari, na kwaɓa da baƙin garin yadda na ga ana yi a kasuwa, na zuba a cikin tulun kan ƙaiƙayin. Ban faɗa mata ba. Ba wai na manta ba ne, ɓoyewa na yi, kamar yarinyar da ta saci nama a miya. Na san ta hana, ba na son faɗanta.

Da safe ta zo kamar kullum. Ta zura hannu, ta ciro, ta tsaya tana kallo. Wasu sun mutu, wasu da sauran rai amma jikinsu ya saki.

"Yau sun yi sanyi," in ji ta.

Na ce, "Ruwan jiya ne, Ya. Ni ma sanyin ya kama ni."

Ta ware matattun gefe ta ce in binne su. Masu sauran numfashin ta zuba a burgami. A gabana ta yi wannan tankaɗen, ina tsaye ina kallo, kuma wallahi tallahi ko a raina ban tambayi abin da zai sa mai zuwa zubarwa ta tsaya zaɓe ba. Kwana biyu a jere aka yi haka. Ina ta murna, bukka ta yi shiru, na sami barci.

Rana ta uku ban ji tarinta ba. Na jira har rana ta fito, na zaga. Ƙofarta a kare take, na tura. Tana kwance a ƙasa ta dunƙule, ta yi amai har ya jiƙa tabarma. Kafin idona ya saba da duhun ɗakin hancina ya riga ya faɗa min, domin warin tafarnuwa ne ya tare ni, kuma rabon garin nan da tafarnuwa an manta. Na juya wajen murhu. Ga 'yar wuƙarta, ga tukunya a buɗe da sauran romo, ga ƙananan wutsiyoyi a cikin toka. Sai a lokacin komai ya faɗo min gaba ɗaya. Da ransu take so, don ta yanka su da bisimilla, kada ta ci mushe. Kajin da take faɗa ita ce. Geron da take turewa kuwa, ni da abin da ke cikina take bar wa.

Na faɗi a kanta ina cewa, "Ya, ni ce! Ni na sa magani a tulun! Na shiga uku, ni ce!"

Ta buɗe ido da ƙyar. Ba ta yi mamaki ba. Ina jin tun cikin dare ta gane.

"Rufe ƙofa, Afuno," in ji ta. "Rage murya."

Na ce bari in kira mutane. Ta riƙe min zane. Na ruga na ɗauko ragowar man gyaɗa na ɗura mata, na jiƙa tsamiya, na daka gawayi, duk abin da na taɓa jin ana ba wanda ya ci guba na ba ta, duk ya dawo. Yau a Gomari in jikana ya yi tari sau biyu, kafin a ɗaura ɗankwali an tsayar da keke an kai shi asibiti. A can kuwa asibiti mafi kusa yana bayan laka ta tafiyar kwana uku, kuma ba namiji mai ƙarfi ko ɗaya a garin.

Da rana ta ɗaga ta ɗan sami sauƙi, har na sa rai. Ta nuna min murhu da haɓa.

"Kwashe wannan ki binne a bayan ɗaki kafin mata su shigo. Ki wanke tukunyar da toka."

Na yi yadda ta ce, ina yi hawaye na zuba a cikin tukunyar. Na dawo na durƙusa.

"Ubana limami ne," in ji ta. "Mijina ba a taɓa jin kansa ba. Ɗana in yana raye zai dawo garin nan. Kada a ce masa uwarsa ɓera ta ci ta mutu. Kin ji ni?"

"Ya, ai lalura ce, Allah ma ya sani. Ni ce mai laifi, bari in faɗa a yi min duk abin da za a yi min."

"In kin faɗi naki kin faɗi nawa." Ta numfasa. "Ba ki sani ba, ni kuma ban faɗa miki ba. Na yafe. Ke dai rufa min asiri. Rantse."

Na rantse. Ta ɗora tafinta a kan cikina ta bar shi a nan, ɗan cikin yana motsi a ƙarƙashin hannunta. Ta ce, "Mace ce. Mai baki, irin uwarta." Wannan ce dariyarta ta ƙarshe da na gani. Washegari bayan azahar ta cika, ana yayyafi.

Matan garin suka ce ciwon ciki ne na damina, ya ɗauki tsofaffi biyu kafin ita. Ba wanda ya tambaye ni komai. Har yaba min suka yi, wai Bahaushiya ta yi jinyar tsohuwa kamar uwarta, ta wanke mata amai da hannunta. Kowace ta zo ta dafa ni ta ce Allah ya yi min albarka, ni kuwa ji nake kamar ana zuba min garwashi. Na so a ce wani ya zage ni. Da aka fita da ita na koma bukkata na tone tulun na fasa shi, ragowar maganin na haƙa rami mai zurfi na binne. Ɓeraye suka dawo suka ci karensu ba babbaka, ban ƙara ɗaga musu hannu ba. Sai bayan nan na fara lura da sauran bukkokin da hayaƙi ke tashi da hantsi ƙofa a rufe. Ba ita kaɗai ba ce. Duk garin sun san abin da ya sa ba a sa magani, kuma ba mai faɗa wa ɗan'uwansa, balle baƙuwa.

Gero ya nuna bayan rasuwarta da sati uku. Sati uku kacal. An yi kaka mai kyau a shekarar, gonar da muka shuka tare ta yi zangarniya har tana sunkuyawa, har da karkatattun layukana. Na ci tumu na farko a tsaye a cikin gonar, na kasa haɗiyewa. Geron buhuna kuwa ya kai ni, da saura kwano huɗu. Na sha yin wannan lissafin a raina: da ta karɓi abin da nake miƙa mata, da bai kai ba.

Na haihu a can, mace. Na ce wa Malam a sa mata Falmata. Ya ce Kanawa da Falmata? Na ce ko a sa ko in koma gidanmu da ita ba suna. Ya ɗauka godiya ce kawai, ya yarda. Matan garin suka riƙa kiranta Yagana, wato ƙaramar uwa, sunan ya bi ta har Maiduguri. Ni kuwa ban taɓa kiranta da ainihin sunan ba, ko sau ɗaya. Mutane sun ɗauka kunyar 'yar fari ce irin tamu ta Hausawa, na bar su a haka. Malam ya rasu bai sani ba. Ɗan Ya Falmata ban taɓa jin ya dawo ba, na yi ta tambayar masu zuwa daga tafki shekara da shekaru har na daina samun wanda ya san ƙauyen. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma wanda ya faɗa bai ce abin yana narkewa ba. Har yau ba na sa tafarnuwa a miya. Kuma duk daminar duniya, in na idar da sallar asuba, sai na ɗan saurara ko zan ji tari a bakin ƙofa.

To, ranar Alhamis ɗin nan da na ce, da yamma na aiki a nemo min tulu. Sai da aka sha yawo kafin a samu, yanzu kowa roba. Ɗakin ajiyarmu siminti ne, ba a haƙawa, sai na jingina masa katako ya zama matakala, na shafe bakin da mai, na zuba dusa. Jikokina suna ta dariya, wai Inna ta dawo da zamanin da. Da safe huɗu suka faɗa. Na kai su can bayan unguwa wajen juji na juye, ina haki, ƙafa na ciwo.

Ranar Asabar na fito daga wanka na hangi ƙofar ɗakin ajiya a buɗe. Yagana ce tsugune a gaban tulun, ta ba ni baya. Ta gaji da taurin kaina ta sayo maganin a ɓoye. Ga 'yar leda a buɗe a gefenta, ga ɓarɓashin banda a murfin gwangwani tana kwaɓawa da tsinke. Tun daga tsakar gida warin ya iso ni. Doguwa ce ita ma, siririya, kuma yadda ta sunkuya a kan bakin tulun nan, hannu a miƙe, sai na ga ba ita nake gani ba.

"Falmata!"

Ban san lokacin da ya fita ba. Murfin gwangwanin ya suɓuce mata ya faɗi. Ta juyo a hankali, baki buɗe, tana kallona kamar ba ta san ni ba. Mace mai shekara kusan arba'in, mai 'ya'ya biyar, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba.

"Inna," in ji ta, "ni kika kira?"

Ni kaina ban tabbata wadda na kira ba. Na yi tunanin ɗan da ba zai dawo ba, da ƙauyen da babu shi, da rantsuwar da na yi a durƙushe. Na ce a raina, Ya, ki ƙara yafe min sau ɗaya, wannan ba bare ba ce, hannunki ya taɓa ta tun kafin nawa.

Na ce, "Je ki wanke hannunki da toka, ki wanke sosai. In kin dawo ki rufo ƙofa. Zan faɗa miki geron wa kika ci kika rayu."